Waƙoƙin hawan igiyar ruwa na shekarun 1960: suna cikin kilasik rok ko ba sa ciki?

Tambaya: Ina tara tsofaffin waƙoƙin Turawa a wayata, na buɗe musu rukuni na sa masa suna kilasik rok. Na zuba Led Zeppelin da Pink Floyd da Eagles, sannan na ƙara "Surfin' U.S.A." ta Beach Boys da "Surf City" ta Jan and Dean. Abokina ya ce in cire biyun ƙarshe, wai nan ba wurinsu ba ne. Ni kuwa a ganina tsofaffi ne, kiɗan rok ne, kuma sun yi suna. Me ake nufi da kilasik rok, kuma wa ke da gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Ɗan'uwa, a kan waɗannan waƙoƙi biyu abokinka ya fi ka gaskiya. Sai dai ina zaton dalilin da zai kawo maka ba zai gamsar da ni ba. Yawancin masu cewa a cire su nufinsu shi ne waƙoƙin yara ne marasa nauyi, kuma wannan magana ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ainihin dalilin yana cikin tarihin gidajen rediyon Amurka, don haka daga can za mu faro.

Babu makaɗin da ya shiga situdiyo a 1971 ya ce yau kilasik rok zan yi. Su dai rok suke kaɗawa. Sunan daga baya ya zo, kuma 'yan rediyo ne suka raɗa shi. A farkon shekarun 1960 matasan Amurka a zangon AM suke jin waƙa, a tashoshin da ke juya waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa a makon. Waƙar ba ta wuce minti biyu zuwa uku, tana fitowa a ƙaramin faifai mai gudun 45, waƙa ɗaya a kowace fuska. Zangon FM a lokacin kusan ɗan rakiya ne, masu tashoshi suna maimaita abin da ke tafiya a AM ɗinsu kawai. Sai hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta kafa doka cewa a manyan birane tashar FM ba za ta kwafi fiye da rabin shirye-shiryen 'yar'uwarta ta AM ba, dokar ta fara aiki a 1967. Masu tashoshi suka wayi gari da sa'o'i barjat babu abin cikawa, suka miƙa su ga matasan masu gabatarwa da ba su da tsadar ɗauka. A wannan shekarar Tom Donahue ya fara a tashar KMPX ta San Francisco, yana ɗauko babban faifai mai gudun 33, ya zaɓi waƙar da ta yi masa daga ciki, ko da ta kai minti takwas, ko da ba a taɓa fitar da ita ita kaɗai ba. A shekarun 1970 masu ba tashoshi shawara irin su Lee Abrams suka tace wannan salo, suka rage 'yancin mai gabatarwa, suka tsara jerin waƙoƙin da za a riƙa juyawa. Shi ne aka kira rediyon rok na albam. A nan ne waƙa irin "Stairway to Heaven" ta 1971 ta zama sarauniya, alhali ba a sayar da ita a ƙaramin faifai ba a lokacin.

Da aka shiga shekarun 1980 kiɗa ya sauya. MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a 1981, na'urorin haɗa sauti suka cika waƙoƙi, waɗanda suka tashi da kiɗan shekarun 1970 kuma suka fara tsaki suna murɗa akwatin rediyo. Wasu tashoshi suka ga kasuwa a nan: a ajiye sababbin waƙoƙi gefe, a riƙa juya tsofaffin da waɗannan mutane suka sani. Tashar KRBE ta Houston ta yi haka a 1983 da wannan suna, sannan Fred Jacobs ya tsara shi sosai a wata tasha a jihar Michigan a 1985, daga nan ya bazu ko'ina. To, wannan shi ne kilasik rok a asalinsa: rumbun waƙoƙin da tashoshin FM na rok na albam suka tara tun daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1980. A 2014 shafin FiveThirtyEight ya ƙirga abin da tashoshi 25 masu wannan suna suka juya cikin mako guda, ya tarar fiye da rabi waƙoƙin 1973 zuwa 1982 ne, kuma kafin fitowar Beatles kusan babu komai.

Tunda daga wannan rumbu aka ɗebo, kayan ciki suna da kama da juna. Ƙungiya ce mai rubuta waƙarta ta kaɗa da hannunta. Jitar lantarki ce a gaba, da ƙara da kaushi, sau da yawa a tsakiyar waƙa mai jita ya ware shi kaɗai na ɗan lokaci. Jijiyar kiɗan tana komawa ga bulus na baƙaƙen fatar Amurka, yadda samarin Ingila suka koye shi suka dawo da shi da ƙarfi. Albam shi ne aikin, waƙa ɗaya ɓangare ce a ciki. Iyakar farko kuwa tana wajen 1964 zuwa 1965: "You Really Got Me" ta Kinks a 1964, "Satisfaction" ta Rolling Stones da "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan a 1965.

Kafin in wuce, akwai abin da ya kamata ka sani don kada ka ɗauki wannan suna a matsayin lambar yabo. Chuck Berry da Little Richard, waɗanda a kan kafaɗarsu aka gina rok gaba ɗaya, da wuya ka ji su a tashar kilasik rok. Haka James Brown da mawaƙan Motown, kamfanin faifai na baƙaƙen fata da ke Detroit a lokacin. In ka cire Jimi Hendrix, baƙar fata ƙalilan ne ke shiga jerin. Wannan abu yana min ciwo, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi cewa an ja layin ne da kunnen wani rukunin masu sauraro, galibi fararen fata maza, waɗanda masu talla ke nema. Abin kamar layukan kasuwa ne: an raba su don mai saye ya san inda zai nufa, zaman kaya a wani layi bai ce komai a kan ingancinsu ba. In har Chuck Berry yana waje, to zama a waje ba abin kunya ba ne ga kowa.

Yanzu ga kiɗan hawan igiyar ruwa, wanda ake kira saf. Mutane suna haɗa abu biyu wuri ɗaya a nan, kuma amsar tambayarka ta dogara da raba su.

Na farko kiɗa ne zalla, babu murya. Ya tashi a gaɓar tekun kudancin Kalifoniya, inda samari ke hawa allo suna bin igiyar ruwa da rana, da dare su taru a ɗakin rawa. Jagoransa Dick Dale ne, wanda sunansa na yanka Richard Monsour, haifaffen Boston a 1937, mahaifinsa ɗan asalin Labanan. A 1961 ya riƙa cika ɗakin rawa na Rendezvous da ke Balboa, ya fitar da "Let's Go Trippin'" a shekarar, sannan "Misirlou" a 1962. Ka sa "Misirlou" ka kasa kunne da kyau. Tsohon kiɗa ne na gabashin Bahar Rum, Girkawa da Larabawa da Turkawa duk sun san shi, kuma Dale ya ji shi tun yana yaro a cikin dangi, inda akwai mai kaɗa garayar Larabawa da ake kira ud. Kunnen da ya saba da kiɗan Larabawa zai gane launinsa nan take. Abin da Dale ya yi shi ne ya ɗora shi a kan tsirkiya ɗaya mai kauri, yana karkaɗa ta sama da ƙasa da sauri ba numfashi, irin yadda mai ud ke yi, har sautin ya zama kamar ruwa na kwarara. Bahago ne, ya juya jitar ba tare da ya sake jera tsirkiyoyin ba. Ƙarar da yake so ta fi ƙarfin amfilifayar zamanin, ya riƙa ƙona su, har Leo Fender, mai kamfanin ƙera jita da amfilifaya, ya yi aiki tare da shi a kan amfilifayar Showman mai lasifikar JBL ta inci 15. Sannan ga akwatin amsa-kuwwa da kamfanin Fender ya fitar a 1961. A cikinsa sautin jita yana bi ta wasu siraran sifirin na ƙarfe, su girgiza, su mayar da shi da wata jiƙa-jiƙa kamar ɗigar ruwa a cikin rijiya. Wannan ɗigar ita ce tambarin kiɗan saf. Za ka ji ta a farkon "Pipeline" ta Chantays, lokacin da yatsa ke zamewa daga saman wuyan jita zuwa ƙasa. Chantays ɗaliban sakandare ne a Santa Ana, amma waƙarsu ta kai ta huɗu a jadawalin waƙoƙi masu tashe na mujallar Billboard a 1963. Surfaris ma yara ne. "Wipe Out" sun haɗa ta ne a tsaye a situdiyo don cike bayan faifai, da ƙarar karyewar katako da dariya a farko, sai mai ganga Ron Wilson ya ɓarke, ta kai ta biyu a shekarar.

Duk wanda ya ce wannan ba rok ba ne bai saurara ba. Ƙarfin amfilifaya, saurin hannu, mayar da jita ta zama ita ce mai magana, duka abubuwan da kilasik rok ke taƙama da su ne, kuma Dale ya riga su Hendrix zuwa wurin da shekaru. Keith Moon, mai gangar ƙungiyar The Who, masoyin kiɗan saf ne na gaske, har ƙungiyar ta sake rera "Barbara Ann" da "Bucket T" a 1966. Amma da kakan abu da abin kansa daban suke. Kiɗan saf ya yi zamaninsa a ƙaramin faifai, a zangon AM, ya gama tashe kafin a buɗe ƙofar FM ɗin da muka ambata.

Na biyu shi ne wanda ka tambaya a kai: waƙoƙi masu murya da ke ba da labarin teku da motoci da 'yan mata. Beach Boys sun haɗu a Hawthorne a 1961, 'yan'uwa uku, Brian da Dennis da Carl Wilson, da ɗan gwaggonsu Mike Love, da abokinsu Al Jardine. Dennis kaɗai ne ke hawan igiyar ruwa a cikinsu. Brian ya ɗauko haɗin muryoyi na ƙungiyar Four Freshmen, muryoyi huɗu ko biyar suna tafiya tare kowacce a matakinta, siririyar muryarsa a can sama, ya ɗora a kan jitar Chuck Berry. Ɗorawar ma ba ta ɓoyu ba: "Surfin' U.S.A." ta 1963 karin "Sweet Little Sixteen" ne ta Chuck Berry ta 1958, aka sauya kalmomi, har daga baya aka sa sunan Berry a matsayin marubuci. "Surf City" kuwa Brian ne ya fara ta, Jan Berry na Jan and Dean ya ƙarasa tare da shi, ta hau ta ɗaya a Yulin 1963. Ainihin masu hawan igiyar ruwa a lokacin da yawansu ba su ɗauki waɗannan waƙoƙi a matsayin nasu ba, sun fi riƙe kiɗan Dale.

Ka auna su da siffofin da na lissafa a baya. Murya ce a gaba, jita tana biye. An yi su don ƙaramin faifai da minti biyu da ɗoriya na rediyon AM. Albam na lokacin yawanci waƙoƙi biyu ko uku ne masu tashe, sauran ciko. Sautinsu tsaf yake, babu kaushin bulus. Kuma mafi muhimmanci, tashoshin rok na albam ba su sa su a rumbunsu ba. Suna da nasu gida tun da wuri, wato tashoshin tuna baya da ake kira oldis, irin WCBS-FM ta New York da KRTH ta Los Angeles, waɗanda duka suka koma wannan salo a 1972. Can ne suke zaune tare da Elvis Presley da Chuck Berry da ƙungiyoyin 'yan mata da Motown na farko. Shi ya sa na ce abokinka ya fi ka gaskiya. Rok an rol ne na asali, amma ba kilasik rok ba.

Akwai kuma wani abin da ya wuce fasalin kiɗa, wato yadda zuciyar matasan Amurka ta juya cikin shekara uku kacal. An harbe Shugaba Kennedy a Nuwamban 1963. Beatles sun bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan ranar 9 ga Fabrairu, 1964, kasuwar kiɗan saf mara murya ta faɗi kusan dare ɗaya. Yaƙin Biyetnam ya tsananta, ana kwasar samari soja. Zuwa 1967 waƙar da ke cewa rayuwa rana ce da rairayi da sabuwar mota ta zama abin da matasa masu dogon gashi ke jin kunyarsa, kuma rigunan Beach Boys masu ratsi-ratsi iri ɗaya sun mayar da su kamar 'yan zamanin da ya wuce. An sa su cikin manyan da za su yi wasa a bikin kiɗa na Monterey na Yunin 1967, suka janye, Hendrix da Janis Joplin da The Who suka fito daga wurin a matsayin sababbin taurari. A shekarar ne Hendrix, a cikin "Third Stone from the Sun", ya yi furucin cewa ba za a sake jin kiɗan saf ba. Mujallar Rolling Stone ta fara fitowa a Nuwamban shekarar. Mutanen da suka tsara abin da za a kira rok na gaske sun tsara shi ne suna juya wa kiɗan saf baya, da gangan. Kilasik rok ya gaji wannan ra'ayi nasu.

Inda maganar ta yi wuya shi ne Beach Boys ba su tsaya a bakin teku ba. Tun 1963 Brian ya rubuta "In My Room", waƙar yaron da ke kulle kansa a ɗaki don ya tsira daga damuwa, kuma "Don't Worry Baby" ta 1964, duk da a kan tseren mota take, tsoro ne da neman lallashi a cikinta. Wanda ya ce waƙoƙin yara ne ya tsallake waɗannan. A Disambar 1964 Brian ya daina yawon wasa, ya zauna situdiyo da ƙwararrun makaɗan haya na Los Angeles, irin su Hal Blaine mai ganga da Carol Kaye mai jitar bes. Ya ji albam ɗin Rubber Soul na Beatles a ƙarshen 1965, ya ƙudura yin albam da babu ciko a cikinsa, sai ga Pet Sounds a Mayun 1966. Babu waƙar hawan igiyar ruwa ko ɗaya a ciki. Paul McCartney na Beatles ya sha faɗin yadda wannan albam ya taɓa shi, musamman "God Only Knows", da yadda ya zaburar da su wajen yin albam ɗin Sgt. Pepper a 1967. Sai "Good Vibrations" a Oktoban 1966, wadda aka ɗauka gutsure-gutsure a situdiyo daban-daban cikin watanni, aka ɗinke. Ka saurari yadda take tafiya: ta fara a hankali da murya ɗaya da ogan, sai babban gogen Turawa da ake kira celo ya shigo yana sara da sauri a ƙarƙashin amshi, wata na'ura tana kuka siriri a sama, can tsakiya komai ya lafa kamar an shiga wata waƙa dabam, sannan muryoyi su taru su tashi tare. Minti uku da rabi ne, amma tunanin da ke ciki shi ne tunanin da ya haifi rok na albam baki ɗaya, wato situdiyo ma kayan kiɗa ne.

A nan na raba gari da tashoshin rediyo. Su ko Pet Sounds ba su cika juyawa ba, saboda babu jita mai ƙara, saboda sunan Beach Boys ya riga ya manne da rairayi a kan mutane, wataƙila kuma da cewa Brian, wanda kunnensa na dama kusan ba ya ji, yana haɗa sautinsa ne a hanya ɗaya, alhali FM da sautin lasifika biyu take taƙama. Albam ɗin Endless Summer na 1974, wanda ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu na teku da mota ya hau na ɗaya, ya dawo musu da kasuwa amma ya ƙara ɗaure su a matsayin mawaƙan tuna baya. Duk da haka, in ma'anar da kake bi ita ce zamanin da rok ya girma ya zama aikin albam, ba jerin wata tasha ba, to aikinsu na 1966 yana ciki, yana ma cikin tubalan ginin. Ba zai yiwu a karɓi Sgt. Pepper a rufe wa Pet Sounds ƙofa ba.

Kada ka yi tsammanin tsufa zai shigar da "Surf City" wata rana. Iyakar kilasik rok tana motsi, amma gaba take yi. Yau tashoshin suna juya waƙoƙin da Nirvana da Pearl Jam da Metallica suka fitar a 1991, suna kuma rage waƙoƙin shekarun 1960. Dalilin lissafi ne: masu talla sun fi son masu shekara 25 zuwa 54. Wanda yake da shekara 16 lokacin da "Surfin' U.S.A." ta fito an haife shi a 1947, ya fita daga wannan zango tun farkon shekarun 2000. Ko tashoshin oldis ɗin sun ji a jikinsu. WCBS-FM ta watsar da salon a 2005, da ta dawo a 2007 kuma sai ta karkata ga waƙoƙin da ba su kai waɗancan tsufa ba. Abin da ya raya kiɗan saf ta wasu hanyoyi ya bi: 'yan fank (punk, wato rok mai sauri da kaushi) irin Ramones da suka sake rera "Surfin' Bird" a 1977, da fim ɗin Pulp Fiction na 1994 da ya buɗe da "Misirlou" ya gabatar da Dale ga matasan lokacin. An shigar da Beach Boys zauren girmama mawaƙan rok an rol na Cleveland a 1988, ƙungiyar kiɗan jita ta Ventures a 2008, Dick Dale kuwa ya rasu a 2019 ba a shigar da shi ba, kuma a ganina wannan rashin adalci ne babba.

Game da wayarka, ga shawarata. Ka buɗe rukuni na biyu na rok an rol na 1955 zuwa 1964, ka mayar da "Surfin' U.S.A." da "Surf City" can, ka ajiye "Sweet Little Sixteen" dab da ta farkon don ka ji yadda ɗaya ta fito daga ɗaya. Ka ƙara "Walk, Don't Run" ta Ventures ta 1960, da "Pipeline" da "Wipe Out" da "Misirlou". A rukunin kilasik rok kuwa ka bar "Good Vibrations" da "God Only Knows" da "Wouldn't It Be Nice", ka jera su kafin waƙoƙin Beatles na 1967. In abokinka ya sake magana a kan waɗannan ukun, ka sa masa Pet Sounds daga farko har ƙarshe, sannan ku ci gaba da muhawarar.